Kwalekwalen da Na'ura Ta Jiyo

Imogen Vassallo injiniya ce a wata cibiyar bincike da ke wajen Adelaide, inda suke ƙera wa sojojin ruwa na'urar gano jiragen ruwa a ɓoye. Ita na'urar ba ta aika komai da zai tona asirinta. Kunne kawai take kasawa ga siginar gidajen rediyo. Idan siginar ta bugi jikin jirgi ta dawo, sai ta nuna inda jirgin yake.

Wata rana suka kafa ta cikin ƙananan itatuwa a kan wani tudu a bakin teku kusa da Port Lincoln don gwaji. Wani jirgin soja zai saɗaɗo ya wuce, a ga ko za ta kama shi. Tare da Imogen akwai shugabanta a wurin aiki, Farfesa Achterberg, da Kwamanda Keira Nankervis wadda sojoji suka turo.

Da hantsi wani ɗan ɗigo ya bayyana a kan kwamfuta, can kudu da nisa, yana tafiya yadda ruwa ya ga dama.

"Kifi ne," in ji Farfesa. "Ko kuwa 'yar na'urar taki ta fara gane-gane?"

"Kifi mai rigar ƙarfe, Farfesa?"

A mota da safe Imogen ta ji labarin wani dattijo masunci, Gus Petrakis, da ya fita teku a kwalekwalensa na ƙarfe tun jiya bai dawo ba. Masu ceto kuwa can yamma suke nemansa.

"Kwamanda, wannan mutumin ne. Ki kira su."

Kwamanda ta daɗe tana kallon ɗigon. "In na faɗi wurin, za a tambaye ni yadda na sani. Kafin mako ya zagayo kowa ya san iya nisan da na'urar nan take ji."

"To ki ce mafarki kika yi!"

Farfesa ya yi gyaran murya, amma Imogen ba ta janye maganarta ba. Kwamanda ta ɗauki waya ta fita. Ta taga Imogen take hango ta tana kai da kawo, tana magana da manyanta, hannu na tashi sama.

Da ta dawo sai ta ce, "Gwajinku ya rushe. Jirginmu ne ya fi kusa da shi, na tura shi. Ba wanda zai tambayi jirgi dalilin da ya bi ta can."

Bayan azahar aka sami tsohon. Injin kwalekwalensa ya mutu, ruwan sha ya ƙare, leɓensa duk ya tsattsage, karensa na kwance a ƙarƙashin benci. Sojan da ya bugo waya ya ce tsohon ya ƙi hawa jirgin sai da aka fara ɗaukar karen. Imogen ta yi dariya har hawaye.

Jaridu suka ce katari aka yi. Imogen ba ta faɗa wa kowa gaskiyar ba, har mahaifiyarta.

A taron cibiyar na gaba ta miƙe ta nemi a ƙera wata ƙaramar na'urar, wadda ba ta da sirrin soja, a ba masu ceto. Ta zaci sojoji za su hana. Kwamanda Nankervis ce ta fara ɗaga hannu. Aka yi ta ja-in-ja har hunturu, sannan aka amince, aka kuma ɗora wa Imogen aikin. Ba ta jira ba, ta koma Port Lincoln neman tudun da za a kafa ta farko.