Damin Baba Ƙadri

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa tuwo a santar ɗin Kiristoci da ke bakin garinmu, kan hanyar Gidan Amumune. Ni Musulma ce, in azahar ta yi in shimfiɗa tabarmata bayan madafa in yi sallata, ba wanda ya taɓa ce mani kanzil. Wurin ba wani babba ba ne: majami'a, ɗakuna huɗu, pampo, ajin karatun manya, sai gona da rumbu guda. Masu aikin sa kai na zuwa su zamna da mu, ba albashi, sai ci da wurin kwana. Na ga kala-kala. Wani wata uku zafi ya kore shi, wata kuwa kunama ɗaya ta gani ta ɗaure kayanta.

Wani malami, Mushe Ɗanladi, shi ne ya zamna. Mutumin Yamai ne, ya shekara ashirin yana koyarwa a lakwal, da matarsa ta rasu ya ce birni ya ishe shi, ya zo mana da alkawarin shekara biyu. Shi ke gyaran pampo, shi ke sharar majami'a, da la'asar ya koya wa mata karatu. Ni da furfurata, shi ya sa na rubuta "Hafsatu" a kaye, littafin rubutu, da hannuna. Amma noma? Wayyo! Mutumin da ya taɓa tsayawa gaban wake yana tambayata ko gyaɗa ce.

Gonar a hannun Baba Ƙadri take, tsohon mai gadinmu. Kowace kaka, kafin a taɓa hatsi, sai ya bi gonar shi kaɗai yana zaɓen zangarniyoyi masu cika da saurin nuna, ya ɗaure su dami guda da kitsattsar kaba, ya rataye a ƙoƙuwar rumbu. Shi ne irin baɗi. Shekara ashirin yana wannan zaɓe, har hatsinmu ya zama ko ruwa ya ɗauke da wuri ba ya ba mu kunya. Kakar shekarar Mushe ta biyu, tsohon ya rataye daminsa, bayan sati uku Allah ya karɓi abinsa.

Kowace Nowel, wato Kirsimeti, santar na ciyar da gari duka. Waccan shekarar ba ni nan, ina Korgom, ɗiyata ta haihu. Da na dawo na leƙa rumbu, na ɗaga kai, wayam.

"Mushe! Ina damin da ke sama?"

Ya fito da murmushinsa, hannu duk alli. "Wanda ya fi kyau ɗin nan? Ai baƙi za mu ciyar, Inna. Na ce abin da ya fi kyau shi ya dace da su. Na kwance shi na haɗa da sauran, aka sussuka."

Innalillahi! Ban san sa'ad da na jefar da ƙwaryar hannuna ba. Na ce, "Iri ka ba mutane suka ci! Aikin tsohon nan na shekara ashirin ka tuƙa tuwo da shi! Kai da ka karance littattafai, ba ka iya tambaya ba?" Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba, bakina ba shi da linzami in raina ya ɓaci. Shi dai yana tsaye allin na zuba daga yatsunsa.

Pasto Garba, shugaban santar, ya ce a yi haƙuri, a sayo wani ran kasuwa. Na ce, "Pasto, hatsin kasuwa na ciki ne, ba na ƙasa ba." Ya san gaskiya na faɗa, sai ya bar zancen kasuwa.

Bayan kwana biyu Mushe ya same ni a madafa. Ya ce, "Inna, shekara biyuna na cika ƙarshen Maris. Da na yi niyyar ƙarawa, amma na fasa. Na zo in taimaka, na ɓata abin da ba zan iya gyarawa ba."

Ni faɗa na yi, ban ce ya tafi ba. Wallahi ba na son ya tafi.

Ina kwashe tuwo sai na tuna wani hali na marigayin. Duk wanda ya yaba gonar, sai ya zaro zangarniya biyu ko uku ya ba shi. A garinmu kuwa ba a hana mutum iri, ko kun yi faɗa jiya. Na ce, "Mushe, sa takalmanka. Kai za ka roƙa da bakinka, ni rakiya ce tawa."

Muka fara da gidan Malam Sabi'u, limaminmu. Mushe ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi ɓarnar da ya yi bai rage komai ba. Liman ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ashe iri muka ci! Shi ya sa tuwon ya yi daɗi haka." Ya sa aka ciro mana uku daga rumbunsa. Husaina mai ƙosai ta ba da biyu, ta ce sauran sai ya koya mata rubuta lambar waya. Kafin la'asar labari ya riga mu shiga kowane gida, mata na jiran mu a ƙofa suna guɗa don tsiya. Gida goma sha bakwai muka taka, muka dawo da zangarniya arba'in da ɗaya.

Ya shimfiɗa su kan tabarma, fuskarsa ta washe. "Na gode wa Ubangiji. Yanzu zan tafi da kwanciyar rai."

Na ce, "Tafiya ina? Buɗe idonka ka duba." Na ɗaga mashi ɗaya doguwa siririya, ɗaya gajera, ɗaya mai gashi. "Sun daɗe a gonakin mutane, sun gauraya da na maƙwabta. Jinin na Baba Ƙadri na ciki, amma sai an yi ta zaɓe kafin ya dawo yadda yake. Damina uku, in an yi sa'a. Tsohon ya tafi, ni gwiwa ta hana ni, Pasto kullum yana kan moto. Wa zai zaɓa?"

Ya daɗe yana juya gajerar a hannunsa. Can ya ce, "Inna, ta yaya ake gane mai kyau?"

"Zamna in nuna maka."

Bana kaka ta uku ke nan. Mushe ya yi baƙi, tafin hannunsa ya yi kanta, har musu yake da Liman kan lokacin shuka. Shekaranjiya ya kawo mani daminsa a madafa, ɗaure da kabar da ya kitsa da kansa, ya tsaya yana jiran in yi magana. Na juya shi, na murza zangarniya ɗaya a tafina. Tsakani da Allah, ko Baba Ƙadri sai haka.

Na miƙa mashi abinsa na ce, "Da saura, Mushe. Sai an ƙara damina biyu."

Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Ni ma haka na gani, Inna." Ya saɓa damin ya nufi rumbu.