Tabon Man Gyaɗa a Dutsen Kicin ɗin Yaya

Ya fita! Wallahi ya fita tas, ko alama babu! Rashida har yanzu in ta tuna sai ta dafe ƙirji.

Ai kun san da ta haihu, yayar mijinta, Yaya Ummukulsum, ta ce ta baro ƙauyensu Ƙarfi ta zo gidanta na Funtua ta yi jego kusa da asibiti, tunda ita Umra za ta tafi. Dangin miji suka yi ta gutsiri-tsoma, wai 'yar ƙauye za a bar wa kicin mai giranit, dutsen nan fari mai sheƙi da ake shimfiɗawa a kan kanta? Yaya ta ce, "Rashida ƙanwata ce, na yarda da ita." Abin da ta roƙa kawai, a riƙa goge dutsen da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Ban da lemon tsami, ban da soson ƙarfe.

To, Inno, kakar Rashida da ta biyo ta don wankan jego, ta taho da man gyaɗa na gida a kwalba. Ta dire ta a kan dutsen, ashe gindin kwalbar yoyo yake. Kafin a ankara mai ya nutse, ga tabo baƙi ƙirin, faɗin tafin hannu. Rashida ta wanke, ta sake wankewa, yana nan daram. Jaririya na kuka, uwa na kuka. Ita ba dutsen ne ya fi damunta ba, bakin da za a buɗe wa Yaya ne: ai mun faɗa miki.

Sai ga Inno da guduma.

"Matsa, 'yar nan. Dutse ne fa. Na niƙa ma in ya lalace sassaƙe shi ake yi."

"Inno, don girman Allah ajiye! Kika ƙwanƙwasa shi, a ƙafa za mu koma Ƙarfi."

"Dama can nake so. Gidan da ba a daka a cikinsa, gida ne?"

Rashida ta ƙwace gudumar ta tura ƙarƙashin gado. Nan ta ci karo da jakarta, da ƙullin farar ƙasar da ta rage tun tana da ciki, wadda malamar asibiti ta hana ta ci. Sai ta tuna ai da ita suke cire maiƙo a zane. Ta murƙushe ta, ta kwaɓa da ruwa da kauri, ta fara gwadawa a can lungu, ta ga ba ta ɓata dutsen ba. Sannan ta lafta a kan tabon, ta rufe da leda.

Inno ta riƙe haɓa. "Yau na ga an ƙunsa wa dutse lalle. Ango yaushe zai zo?"

Da ta bushe aka kankare, ƙasar ta yi rawaya, tabon ya ɗan dushe. Rashida ta sake laftawa, ta sake. Ranar da Yaya ta sauka, ƙunshin ƙarshe na nan ba a kwance ba.

Yaya ta shiga kicin ta tsaya. "Wannan fa?"

Rashida ta durƙusa ta zayyana komai. Yaya ta matsa kusa da dutsen. Ta yaye ledar, ta kankare da cokalin roba, ta goge da tsumma. Fari fat!

Sai ta janye babban tiren da kullum ke zaune a kusurwa, wanda Rashida ba ta taɓa ɗagawa ba. Ga jan tabon manja a ƙasansa, ya fi na Inno girma.

"Tun bara nake ɓoye wa maigidana Alhaji shi," in ji Yaya. "Rashida, akwai saura?"

Akwai! Yanzu haka na Yaya ne a ƙunshe, Inno na gadinsa.

Don Allah ku tura wa matan Ƙarfi su ji, musamman waɗanda suka ce 'yar ƙauye.