Lambar Hannun Baballe

Shekarar da fara ta cinye gero a Nijar, Muhammadu Sani ya iso ƙauyenmu na gefen Bunkure a bayan motar awaki, ba takarda ba komai, daga shi sai fartanya. Baffa Datti ne ya ɗauke shi ƙodago. Mun saba da 'yan ci-rani, da hadari ya fara haɗowa sai su tattara su koma gida. Shi wannan bai koma ba.

Baffa Datti ba ya yabon mutum. Ɗan cikinsa Baballe ya yi gemu bai taɓa jin "madalla" daga bakinsa ba. Sai ga tsoho a majalisa yana cewa, "Ku je ku ga ban ruwa a wurin Sani." Da wani ranin ya zagayo, ya ba shi aron gonar bakin kanal, wadda ruwa ke fara shiga kafin ya kai ga kowa. Gonar da Baballe ya sa wa rai ke nan tun yana yaro. Sani kuma ya fara kiran tsohon "Baba", kamar tare aka haife su.

An ce kishi kumallon mata, to wanda ya faɗa bai san Baballe ba. Katangarmu ɗaya, a kan idona ya rame. Nan da nan ya zama ɗan siyasa, rediyo a kafaɗa, kullum zancensa iyakar ƙasa.

"A ja waya tun daga Illela har Maigatari!" in ji shi. "Baƙin haure sun cinye mu."

Wannan fa mutumin da tun da ya yi wayo kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ce iyakar tafiyarsa. Muka yi ta dariya, ashe shi har Kano ya je ya kai ƙara.

Ranar gayyar yashe kanal, muna cikin ruwa har ƙugu muna tuge ciyawar kacala, sai ga mota da ma'aikatan shige da fice masu kaki. Suka ce kowa ya fito ya miƙo hannu. Ba takarda suke nema ba, don a cikinmu wa ke zuwa gona da takarda? Lambar rigakafi suke dubawa. A wurinsu, mai tabo a damtse ɗan ƙasa ne, mai tabo a ƙasan gwiwar hannu daga Nijar yake.

Baballe ya tsaya a gaba yana murmushi, yana nuna Sani da haɓa. Aka juya hannun Sani ciki da bai, fes, ko ɗigo babu. Masu yin rigakafi ba su taɓa kaiwa ƙauyen su Sani ba.

"Daga ina?"

"Gidan Baba Datti, ranka ya daɗe."

"Wuce."

Aka zo kan Baballe. Ga tabo nan ɓaro-ɓaro a ƙasan gwiwar hannu.

Baffa Datti ya taso yana dogara sanda. "Yallaɓai, ɗana ne. Wurin kakarsa aka kai shi yaye a Matamaye ta Nijar, can aka yi masa."

"Kowa haka yake cewa, Baba."

Suna tura shi cikin mota ya kwarma ihu. "Ni ne fa na kira ku! Wancan za ku kama!"

 Wallahi ni da nake gefe sai da na ji kunya ta rufe ni. Baffa Datti ya juya baya.

Sai da mai unguwa ya yi ta zarya Kano kafin aka sako shi. Ko gida bai shiga ba, ya zarce gonarsa, don ya san tumatir ba ya jiran mai shi. Ya tarar da shi shar, ƙasa a jiƙe. Sani ne ya riƙa tare ruwan gonar bakin kanal yana sakar masa.

Baffa Datti yana zaune a kan kunyar gona. Ya ce, "Ka gode wa ɗan'uwanka. Gonar can kuma ba aro ba ce yanzu, na ba shi."

Da yamma Baballe ya same ni a ƙofar gida, idonsa ja. Ya ce, "Da na tarar da tumatirin nan ya bushe ƙurmus, da ya fi mini."