Naushin Fermin Bai Hau Allo Ba

Fermin abokina ne tun muna samari. Tsohon ɗan dambe ne, hancinsa kaɗai ya isa shaida. Jikarsa Yaniris kuwa tekwando ta zaɓa, wasan faɗa na shuri da naushi. Ran nan akwai gasa a Monte Plata, in ta ci karawarta za a sa ta cikin tawagar lardi, a tafi da ita Santo Domingo.

Muna hanya, ya goyo ni a babur, ya ce, "Mutumina, na gyara yarinyar nan. Kocinsu ƙafa kawai ya sani. Kullum a bayan gida nake koya mata irin namu, gajere, daga gefe, a haƙarƙari."

"Kocin ya sani?"

"Shi ya haifi uwarta?"

To a wasan nan, rigar kariyar da ke ƙirji ita ke ƙirga shuri da kanta. Naushi kuwa sai alƙalan gefe sun gani sun danna maɓalli kafin ya hau allon maki, kuma miƙaƙƙe suke so, a tsakiyar ƙirji, mai ƙara. Fermin bai taɓa tambaya ba.

A turmin ƙarshe abokiyar karawarta tana gaba da maki ɗaya. Koci Radames yana ta ihu, "Miƙe hannu! Miƙe!" Sai Fermin ya tashi tsaye, muryarsa ta danne ta kowa.

"Shige jikinta, 'yar gidana! Haƙarƙari!"

Ta kakanta ta ji. Ta shige, ta sakar mata gajeru a jere, har daga inda nake na ga abokiyar karawar ta lanƙwashe. Allo ko motsi. Lokaci ya cika.

Fermin ya tsallake igiyar da ta kewaye filin. "Makafi! A gidan uban wa kuka koyi alƙalanci?" Na riƙo rigarsa, ya fizge. Masu gadi suka taso ƙeyarsa a gaban iyayen yara, ina biye da hularsa a hannu. Mai sayar da soyayyiyar ayaba da ke bakin ƙofa ta ce, "Baba, ka yi ɓatan kai, gidan dambe yana can gaba."

Muna tsaye jikin babur aka fito da yarinyar da ta ci, an ɗaura mata ƙanƙara a gefe, uwarta na tallafe da ita. Ashe ita ma ba za ta iya karawa ta gaba ba. Uwar ta dube mu, ta daɗe. Na rasa inda zan sa idona.

Can Yaniris ta fito, jaka a kafaɗa. Fermin ya ƙaƙaro murmushi. "Kin ga yadda ta lanƙwashe? Ai ke ce kika..."

"Kaka," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "koci ya tambaye ni wa ya koya min wannan. Na ce masa a talabijin na gani."

Ta wuce ta shiga motar sauran 'yan wasa.

Fermin ya daɗe yana lalube aljihu, wai makullin babur yake nema. Yana hannunsa. Ban faɗa masa ba.