Kujerar Baya

Motar tana can gindin dutse tana nishi a kan kwana Inna ta gane kukanta. Ta ɗaure bakin ƙunshin kayanta tamau, ta jingine shi a bango, sannan ta leƙa ta kan katanga ta kira maƙwabcinta.

"Maƙeri, ka ji motar ɗana? To yau sai ka yi mini kallon ƙarshe."

Tsohon yana zaune a bakin maƙerarsa da ta manta yadda wuta take. Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Kallon ƙarshen nan, Innar Auta, na yi miki shi bara, na yi miki bana. Idona ya gaji."

"Ajiye bakinka. Wannan karon da kansa ya ce ya bar mini kujerar baya."

Garin nasu a kan dutse kakanni suka kafa shi, lokacin da tsoron mahara ya fi wahalar hawa. Gidajen duwatsu ne manne da juna, lunguna matsattsu, ga tsohuwar ganuwa da hasumiyar tsaro wadda yanzu tantabaru ke gadi. Duk mai ƙarfi a jika ya sauka neman abinci, an bar tsofaffi da awaki. Rijiyar da ta rage tana can ƙasan matakala. A daminar da ta wuce Inna ta zame da tulu a kai, ta yini kwance a wurin kafin wani makiyayi ya tsince ta. Gwiwar ba ta koma daidai ba. Ita kam ta san jikinta, ta san ba za ta ƙara kai wata daminar a kan matakalar nan ba, shi ya sa ta matsa wa Auta har ya yi alkawari.

Auta shi ne ƙaramin ɗanta, direban masu yawon buɗe ido. Yakan kwaso mutanen birni ya zaga da su ƙauyukan kan tudu, su ga rusasshen masauki a nan, su ga tsohuwar kasuwa a can, sannan ya rufe da garinsu. A garinsu kuwa gidan Inna ne zangon ƙarshe, don ya san a nan baƙi suka fi buɗe baki.

* * *

Ya shigo a gaba, da farar riga da ƙaramar lasifika rataye a wuya, baƙi na biye da shi suna haki. Ya durƙusa ya gaishe ta a gaggauce. Kafin ta gama amsawa ya riga ya ture bokitin roba bayan gado da ƙafa, ya jefa tsumma a kan rediyo. Inna ta saba. A wurin Auta, duk abin da aka ƙera bayan an haifi Inna yana ɓata hoto.

"Jama'a, ga mahaifiyata," in ji shi, murya ta canza ta koma ta aiki. "A ɗakin nan aka kawo ta tana amarya. Babu irin roƙon da ban yi mata ba ta dawo birni, ta ƙi. Ta ce ita da dutsen nan sai mutuwa."

Baƙi suka yi ta gyaɗa kai. Wata mata mai faffadar hula har ta dafa ƙirji.

Inna ta sha jin wannan ƙaryar, kuma kullum sai ta yi mata zafi. Amma yau ranta fari ne, sai ta yi dariya ta ce, "Ƙyale shi, 'yata. Yau ƙafata ƙafarku."

Suka kwashe da dariya, Auta ya fi kowa. Matar ta rungume ta aka ɗauki hoto, aka sa ta riƙe tulu aka ƙara ɗauka. Inna ta gyara tsayuwa ta ba su yadda suke so. Ai na bankwana ne, a ɗauka har waya ta cika.

Cikin baƙin akwai wani mai furfura, wanda Auta ke ta kira ranka ya daɗe. An ce yana da babban masaukin baƙi a birni. Shi bai damu da tsohuwa ba. Tun shigowarsu ya tsaya a bakin ƙofa yana shafa ta. Ƙofa ce ta katako mai kauri, baƙa ƙirin don daɗewa, an sassaƙa mata zane an jera mata manyan ƙusoshi. Kakan mijin Inna ne ya yi ta. Mai furfura ya ja Auta gefe, suka yi ƙus-ƙus, hannu ya shiga aljihu ya fito.

Auta ya dawo ya tsuguna a gabanta yana sosa ƙeya.

"Inna, bawan Allahn nan ƙofar yake so. Na ce tunda dai sauka za ki yi, me za ta tsare miki a nan?"

Maganar ta shige ta kamar ruwan sanyi. Yaron da ya yarda a cire ƙofa ai ya gama yanke shawarar ɗaukar uwarsa. Ta tuna mijinta, yadda yakan tura ƙofar da kafaɗa in ya dawo gona, zuciyarta ta ɗan sosu. Amma katako katako ne, ba zai ɗebo mata ruwa ba.

"A cire," ta ce. "Kai, ba haka ba, za ku fasa ta. Ku ɗaga sama tukuna, ƙafarta a ramin dutse take zaune. Yawwa. Sai ku karkato ta wajenku."

Ita ta tsaya a kansu da sanda tana ba da umarni har ƙofar ta fita. Ta ba da tsohon bargonta aka naɗe ta kada zanen ya kuje.

* * *

Mota ba ta shiga lungunan garin, a bakin ganuwa ake barinta. Maza suka yi gaba da ƙofar. Inna ta ɗora ƙunshinta a kai ta biyo su a hankali, tana dogara sanda, tana cije leɓe a kan kowace matakala. Da ta zo daidai maƙera ta tsaya.

"To, Maƙeri, a yafe juna. In na samu wuri zan aiko maka da man zafi."

Wannan karon ya ɗaga kai. Ya dubi ƙunshin, ya dubi gidanta da ke hangame, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Innar Auta." Muryarsa ta ɗan yi rawa, ita kuwa ta ji daɗin hakan.

Ko da ta iso bakin ganuwa, baƙi sun shiga sun zauna. An gwada ɗora ƙofar a kan rufin mota, mai furfura ya ce bai yarda ba, hadari na haɗuwa, ruwa zai taɓa ta. Sai aka buɗe baya, aka kwantar da kujerar bayan, aka zura ƙofar ciki. Ta shige daidai, ta cinye wurin kaf.

Inna ta tsaya tana kallo. Ta leƙa ta taga, kowace kujera da mai ita.

Auta ya zagayo yana goge zufa, idonsa a kan tayar mota.

"Inna, kin ga yadda abin ya zo. Mutumin nan babban mutum ne, shi ke turo mini baƙi. Zagaye na gaba da ke kaɗai zan zo, wallahi ko mutum ɗaya ba zan ɗauko ba."

Maganganu suka taso mata har wuya. Da ta buɗe baki, da baƙin nan sun san irin roƙon da aka yi da wanda ya yi shi. Amma a gabansu yake cin abinci, kuma ita ta haife shi. Ta haɗiye.

"Ka bi kwanar nan a hankali," ta ce. "Kaya ya yi maka nauyi."

Matar mai faffadar hula ta zuge gilashi tana murmushi. "Ai na san ba za ki iya rabuwa da nan ba, Inna. Ina ma ni ce ke."

Inna ta ɗaga mata hannu. Motar ta juya ta gangara.

Hawan ya fi saukar ɗaukar lokaci. Ba ta bi ta gaban maƙera ba, ta zaga ta lungun baya, tana hutawa a jikin bangon gidajen da ba kowa. Kafin ta kai gida an fara yayyafi. Ta tarar akuyar wani ta shige ɗaka ta haye gado. Ta kore ta, ta kwance ƙunshin, ta zaro zanen da ta ware don ranar shiga birni, ta rataye shi a bakin ƙofa. Bai kai ƙasa ba. Ta zauna a gefen gado tana murza gwiwa, ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin zanen.