Sunan Ɗan Farin Juwairiyya

A ƙauyukan bayan Wad Haddad, can gabas a ƙasar masu Larabci, babu wanda bai san bakin Tsoho Gado ba. Ya ga farin shekarar tamanin da huɗu, ya binne shanunsa, bai bar hawasharsa, gonarsa ta auduga, ba. Bai taɓa shiga aji ba, amma kullum cewa yake Hausar da kakansa ya taho da ita a ƙafa daga Sakkwato a gidansa ta sauka, kuma ba ta fita ba.

Shi ya sa da Ustaz Saifuddeen na jami'a ya zo nazarin yadda ake magana a ƙauyen, Gado ya tare shi tun a hanya.

"Aje na'urarka nan, ɗana. Sauran gidajen ɓata takalmi ne."

Ustaz ya ce jikoki yake son ji, ba tsofaffi ba. Aka tara su. Ya yi tambaya da Hausa, suka amsa da Larabci, ɗaya bayan ɗaya, yana jan layi a takarda. Kofin gahawar jabana ya huce a hannun Gado. Maƙwabcinsa Alhasan ya leƙo ta katanga.

"Haji, ina Hausar Sakkwato? Ko ta bi ruwan ban-ruwa ne?"

Saura Juwairiyya kaɗai, da goyonta. Shekarunta, makarantarta, duk da Larabci ta faɗa.

"Mene ne sunan yaron?" in ji Ustaz.

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Sai ga Hausa.

"Ba ni hwaɗi, Ustaz. Na hwari ne. Ina jin kunya."

"To da me kike kiransa?"

"Baƙo."

"Wa ya koya miki haka?"

Ta saci kallon kakanta. Shekara sittin ke nan Gado bai taɓa ambatar sunan ubanta, ɗansa na fari, ba. Wancan Yaro yake ce masa, ga furfura a gemun mutum.

Ustaz ya juya takardar, ya cika bayanta da rubutu, ya roƙi izinin dawowa gobe ya zauna da matan gidan.

Gado ya miƙe, ya gyara rawani.

"Dawo har jibi. Amma sunan gidana da manyan baƙi za ka rubuta shi. Ni ban karatu, so nike Alhasan ya hange shi daga katanga."