Jirgin Ɗan Birni

Tun da ya samu aikin ofis 'yan gidansu suka laƙaba masa Ɗan Birni, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Da safen nan aka bugo waya cewa jikin yayar Inna ya rikice, sai kiran ƙanwarta take yi. Auta ya zaro makullin akwalar motarsa, ya ce su kama hanya yanzu, da la'asar sun isa.

"A wannan gwangwanin?" in ji Ɗan Birni. "Inna da ciwon baya? Jirgi za ta hau."

Ya buɗe taswira a waya, ya nuna musu wani ɗan layi miƙaƙƙe daga filin jirgin garinsu zuwa na garin yayar, ko tsawon yatsa bai kai ba. "Kafin ki gyara zama mun sauka, Inna."

Inna ta dubi Auta, ta dubi babban ɗanta, ta ce to. Auta ya ɗauki jakarta ya wuce shi kaɗai.

Filin jirgin kuwa, kai ka ce ɗakin jiran likita: kujerun roba, fanka mai kuka, da wata ma'aikaciya tana hamma a bayan kanta. Abin da waya ba ta gaya wa gwanin naka ba, jirgi ɗaya tal ke yawo tsakanin ƙananan garuruwan nan, sai ya sallami wasu yake biyowa. Ranar kuma ya maƙale a wani gari, wai ana duba tayarsa.

Azahar ta wuce. Ɗan Birni ya je kanta ya dawo, ya je ya dawo, har ma'aikaciyar ta daina ɗago kai. Inna tana zaune, ta rungume takalmanta a cinya.

Da la'asar Auta ya kira. "Yaya, na iso. Tana ta tambayar Inna."

"Ga mu nan tafe," ya ce, alhali ko ƙarar jirgi bai ji ba.

Kira na biyu sai da ya fita waje ya ɗauka. Auta bai yi dogon bayani ba. "Yaya, ta cika."

Yana tsaye da waya a kunne jirgin ya sauko, ɗan mitsitsi, yana ta rugugi. Ya ce a ransa zai gaya wa Inna a sama, a hankali. Ina! Bai gama haɗa kalmar farko ba aka ce a ɗaura bel, za a sauka. Bai yi ƙarya ba, tafiyar ba nisa.

A ƙofar gidan yayar, Inna ta ga takalma jibge, ta gane. Ta dafa bango, ta daɗe a haka.

Wata tsohuwa ta riƙo hannunta tana kuka. "Haba, me ya tsayar da ke? Ta kira ki har muryarta ta dushe."

Ɗan Birni ya sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya jira a faɗi gaskiya.

Inna ta share ido da bakin mayafi. "Ni ce na yi nawa wajen shiri," ta ce. "Yaron nan har jirgi ya sa ni don in same ta."

Matan gidan suka juyo gaba ɗaya, suna ta sa masa albarka.